Masu yi wa kansu allura a gida: abin da za a tanada kafin borin jini mai kisa ya zo

Sansanin Umm Rakuba yana jihar Gadarif a gabashin Sudan, kimanin kilomita 70 daga iyakar Habasha. Ya karɓi 'yan gudun hijira a lokacin yunwar shekarun 1980, daga baya aka rufe shi, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamban 2020 bayan ɓarkewar yaƙin Tigray, wanda ya kora mutane fiye da 60,000 zuwa Sudan. Jihar Gadarif kuma gida ce ga ɗimbin Hausawa, jikokin mahajjata da manoma da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu na zaune a ƙauyukan noman dawa da riɗi, inda laka kan datse hanya da zarar damina ta kankama.

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023, samun magani ya ƙara wuya. A Khartoum manyan rumbunan magani na ƙasa da akasarin masana'antun magani suke, kuma can ne faɗa ya fara. Da Wad Madani ya faɗa hannun RSF a Disamban 2023, dubban iyalai suka kwararo Gadarif. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake faɗa ba sa aiki. A irin wannan hali mutane kan yi wa kansu allura a gida, ko maƙwabci ya yi musu, da maganin da wani lokaci ba a san hanyar da ya biyo ba. Wannan matsala ba ta Sudan kaɗai ba ce. Mai ciwon suga a ƙauyen Maraɗi ko Diffa, ko a zangon Kumasi, ko a arewacin Kamaru, shi ma asibiti na iya yi masa nisa a ranar da jikinsa ya ƙi karɓar allura.

Mene ne feftayid?

Feftayid ɗan gajeren zare ne na ƙwayoyin da ake kira amino asid, waɗanda su ne tubalin gina furotin a jiki. Yawancin magungunan wannan rukuni ba a haɗiye su, domin ciki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da nama. Shi ya sa ake yin su ta allura a ƙarƙashin fata.

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne insulin, mai amino asid 51, wanda aka gano a birnin Toronto na Kanada a 1921. Miliyoyin masu ciwon suga suna yi wa kansu shi kullum. Akwai kuma semaglutide, da ake sayarwa da sunan Ozempic domin ciwon suga da Wegovy domin rage ƙiba. Waɗannan duka hukumomi sun gwada su sun amince da su.

Akwai rukuni na biyu da ake tallatawa a intanet ga masu son gina jiki, rage tumbi, warkar da rauni ko hana tsufa, irin su BPC-157. Sau da yawa a jikin kwalbar akan rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na amfanin ɗan Adam ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta BPC-157 tun 2022, kuma a 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa shi cikin jerin sinadaran da take da damuwa kan haɗarinsu, har da yiwuwar tayar da garkuwar jiki. A Yulin 2025 an kwantar da wasu mata biyu rai a hannun Allah a Las Vegas bayan an yi musu allurar feftayid a wani taron masu neman tsawon rai.

Yadda jiki ke juya wa magani baya

Garkuwar jiki aikinta korar baƙon abu. Wani lokaci takan ɗauki magani a matsayin abokin gaba. Idan abin ya tsaya a fata, shi ne borin jinin da aka saba gani: ƙaiƙayi, ja, da kumburi. Idan ya game jiki gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, likitoci na kiransa anafilaksis. Wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka raɗa masa wannan suna a 1902, kuma Richet ya samu kyautar Nobel a kan aikin a 1913.

Abin da ke faruwa shi ne, wasu ƙwayoyin garkuwa suna fashewa su saki sinadarai, ciki har da histamin, a lokaci guda. Jijiyoyin jini sai su saki su buɗe, ruwa ya riƙa tsiyayewa daga cikinsu zuwa nama, jini ya faɗi ƙasa warwas. Hanyoyin iska a huhu sai su tsuke, harshe da maƙogwaro su kumbura. Mutum na iya mutuwa saboda shaƙewa ko saboda jini ya kasa isa zuciya da ƙwaƙwalwa.

Lokacin gajere ne ƙwarai. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2000 kan waɗanda anafilaksis ya kashe ya nuna cewa matsakaicin lokacin da numfashi ko zuciya ke tsayawa shi ne minti 30 idan abinci ne sanadi, minti 15 idan harbin ƙwaro ne, minti 5 kacal idan magani ne. Wanda ke ƙauyen da sai an yi sa'a guda a kan amalanke ko babur kafin a kai asibiti, lissafin bai ba shi dama ba.

Ba koyaushe maganin kansa ne mai laifi ba. Insulin mai launin madara da ake kira NPH yana ɗauke da furotamin, wani furotin da asalinsa daga kifi ake samu, kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da shi. Akwai kuma sinadaran hana lalacewa da ake zubawa a kwalba. A maganin da ba a san wanda ya haɗa shi ba, ƙazanta da ragowar sinadarai na ƙara haɗarin. Tun allurar insulin ta farko da aka yi wa yaron nan Leonard Thompson a Janairun 1922 aka ga haka: maganin bai tsarkaka ba, wurin allurar ya kumbura, sai da aka tace shi sosai kafin ya yi aiki.

Ko maganin da aka amince da shi ba ya tsira daga wannan. A Fabrairun 2013 an janye Omontys, wani feftayid na masu wankin ƙoda, daga kasuwar Amurka bayan anafilaksis ya kashe wasu marasa lafiya. A Janairun 2025 FDA ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan glatiramer, allurar da masu wata cutar jijiya ke yi wa kansu a gida, bayan ta tattara rahoton mutane 82 da suka yi anafilaksis, shida daga cikinsu suka mutu. Abin lura shi ne wasunsu sun fi shekara suna yin allurar lafiya ƙalau kafin abin ya same su. Don haka cewa "na saba da ita" ba kariya ba ce.

Alamomin da ba a jira da su

Yawanci alamomin kan bayyana cikin mintuna zuwa sa'a guda bayan allura. A kula da waɗannan:

Kumburin leɓe, harshe, fatar ido ko maƙogwaro. Murya ta dishe. Wahalar haɗiyar yawu.

Numfashi da ƙyar, ƙirji na fito kamar na mai asma, tari marar tsayawa.

Jiri, duhun gani, jiki ya yi sanyi da gumi, bugun zuciya da sauri amma ba ƙarfi, suma.

Ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka bazu a jiki, tare da amai ko murɗar ciki.

A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka a shafa a ji tudun ƙurajen, a duba cikin leɓe da tafin hannu. Kuma akwai waɗanda abin kan kama ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Idan numfashi ya canza ko mutum ya fara sulalewa jim kaɗan bayan allura, a ɗauka anafilaksis ne.

Abubuwa biyu na iya rikitar da mai jinya. Na farko faɗuwar suga ga mai insulin: rawar jiki, gumi, yunwa, ruɗewa, amma babu kumburi babu shaƙewa. Maganinsa sukari ko dabino ko abin sha mai zaƙi idan yana iya haɗiya. Na biyu sumar tsoron allura: mutum ya yi fayau, bugun zuciyarsa ya yi sanyi, ya faɗi, amma da an kwantar da shi ya farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu.

Adirenalin ne kaɗai ke tsayar da shi

A nan mutane da yawa ke kuskure. Ƙwayar Piriton ko cetirizine tana rage ƙaiƙayi, amma ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta ɗaga jinin da ya faɗi, kuma tana ɗaukar rabin sa'a ko fiye kafin ta fara aiki. Allurar hydrocortisone ko dexamethasone, wadda masu kemis da yawa ke garzayawa gare ta, sai bayan sa'o'i take tasiri. A 2021 majalisar ƙwararrun farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta cire ta daga matakan farko na jinyar anafilaksis. Abin shaƙa na masu asma yana taimaka wa huhu, amma ba ya maye gurbin allurar da ake bukata.

Adirenalin, wanda wasu kwalabe ke ɗauke da sunan epinephrine, yana matse jijiyoyin jini, ya buɗe hanyoyin iska, ya ƙarfafa zuciya, ya kuma hana ƙwayoyin garkuwa ci gaba da zubar da sinadarai. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma 'yar kwalbarsa ba ta da tsada.

Ana yin sa a tsokar cinya, ta gefen waje, tsakanin gwiwa da ƙugu. Ƙarfin da ake amfani da shi shi ne miligiram 1 a cikin mililita 1, wanda akan rubuta 1:1000. Babba da yaron da ya haura shekara 12 ana ba su mililita 0.5, wato rabin kwalbar. Ɗan shekara 6 zuwa 12, mililita 0.3. Wanda bai kai shekara 6 ba, mililita 0.15. Idan bayan minti 5 babu sauƙi, a sake yi a ɗaya cinyar.

A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha akwai alƙalamin allura mai harba kansa, irin su EpiPen, mai miligiram 0.3 na manya da 0.15 na yara, wanda ake dannawa a cinya ko ta kan tufafi. A Agustan 2024 an amince da na fesawa a hanci a Amurka da Tarayyar Turai. Amma waɗannan suna da tsada kuma da wuya a same su a Gadarif ko Damagaram. Abin da ya rage mana shi ne kwalba da sirinji, kuma wannan sai da koyo a hannun ma'aikacin lafiya. Hannu na rawa, ido na hawaye, zuƙo rabin mililita daidai ba ƙaramin aiki ba ne.

Gargaɗi uku a kan wannan. Kada a taɓa yin adirenalin a jijiya a gida, domin yana iya hargitsa bugun zuciya ya kashe. Kada a zuba kwalbar gaba ɗaya ga yaro. Kada a dogara da sirinjin insulin, domin allurarsa gajera ce, an yi ta don ƙarƙashin fata, ba ta isa tsoka. Ana bukatar sirinji mai mililita 1 da allura mai tsawon milimita 25.

Matakan da za a bi

A dakatar da allurar da ta jawo abin. A yi kururuwar neman taimako, a tura wani ya nemo abin hawa.

A kwantar da mutum rigingine, a ɗaga ƙafafunsa a kan buhu ko matashi. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya kishingiɗa da ƙafafu a miƙe. Mai juna biyu a kwantar da ita ta gefen hagu. Wanda ya suma amma yana numfashi a juya shi gefe.

A yi adirenalin nan take, a duba agogo ko waya a riƙe lokacin.

Kada a tsayar da shi, kada a sa shi tafiya zuwa mota ko raksha. Idan jijiyoyi sun saki, miƙewa tsaye na janye jini daga zuciya, kuma an samu waɗanda suka mutu a daidai wannan lokacin. A ɗauke shi a kwance.

Kada a ɗura masa ruwa, nono, manja ko jiƙo. Maƙogwaron da ya kumbura ba ya haɗiya, abin zai wuce huhu.

A kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Ƙarfin adirenalin na gushewa da wuri, kuma ga wasu abin kan dawo bayan sa'o'i. Likita na iya riƙe shi daga sa'o'i kaɗan har zuwa 12 ko fiye, gwargwadon tsananin abin. A tafi da kwalbar maganin da ya jawo matsalar da kwalinta.

Wa ya kamata ya ajiye shi a gida?

Anafilaksis daga insulin abu ne da ba kasafai ake gani ba, musamman tun da aka fara yin insulin irin na ɗan Adam a 1982 maimakon na shanu da alade. Ba kowane mai ciwon suga ne ke bukatar adirenalin a ɗakinsa ba. Kuma wanda ya ga ja ko ƙaiƙayi a wurin allura kada ya daina insulin da kansa. Ga mai nau'in farko na ciwon suga, barin insulin na 'yan kwanaki na iya kai shi kabari. Ya je a duba shi, sau da yawa canza iri ke warware matsalar.

Waɗanda ya kamata su tattauna batun da likita ko jami'in lafiya su ne: wanda ya taɓa yin mummunan borin jini daga magani, abinci ko harbin zuma, mai asma da ba ta lafa ba, wanda aka canza masa iri ko kamfanin magani saboda ƙarancin kaya, abin da ya zama ruwan dare tun fara yaƙi, da wanda asibiti ya yi masa nisa. Mai shan maganin hawan jini irin su atenolol ko propranolol ya sanar da likita, domin suna rage tasirin adirenalin.

Ƙa'idar da ta fi kowace sauƙi ita ce allurar farko ta kowane sabon magani a yi ta a cibiyar lafiya, a zauna minti 30 kafin a tafi. Bayan haka kada a yi allura mutum yana shi kaɗai a ɗaki ko a gona. Wani a gidan, mata ko miji ko babban ɗa, ya san inda kayan gaggawa suke da yadda ake amfani da su.

Wannan ya shafi sauran allurai ma. Fenisilin mai daɗewa a jiki da ake yi wa masu ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro duk mako uku ko huɗu, da ceftriaxone, da maganin dafin maciji, duk suna iya tayar da anafilaksis. Ba na yi a gida ba ne. Duk inda za a yi maka allura, asibiti ko kemis, kana da haƙƙin tambaya ko suna da adirenalin a kusa. Idan babu, nemi wani wuri.

Zafi da jabun magani

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Gadarif kan haura digiri 40, haka ma Sakkwato da Agadas. Adirenalin ba ya son zafi da haske. A bar shi cikin kwalinsa, a wuri mafi sanyi a ɗaki, ba a aljihun mota ko ƙarƙashin rufin kwano ba, kuma kada ya daskare. Ruwan ya kasance garau kamar ruwan sha. Idan ya koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ko aka ga gari a ciki, ya lalace. A riƙa duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a canza kafin ta zo.

Inda babu lantarki, tukunya cikin tukunya na taimakawa: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Malamin nan ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma 'yan Sudan sun san tulun zir tun kaka da kakanni. A sa maganin cikin leda ko gwangwani mai murfi domin kada ya jiƙe. Game da insulin, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna cewa kwalbar da aka buɗe na riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37.

Sai batun jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil, Birtaniya da Amurka. A Oktoban 2023 an kwantar da mutane a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun alƙaluman da ake zargin insulin aka ɗura a ciki, sugansu ya faɗi. Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da tsauraran matakan bincike, to maganin da ya ratso iyakoki a jakar matafiyi ya fi bukatar taka-tsantsan. 'Yan uwa da ke aiko da magani daga Jidda, Alƙahira ko Faransa su saya a kantin magani mai rajista, da takardar likita, su aiko shi cikin kwalinsa da takardar bayaninsa, kuma a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a fara.

Kayan gaggawa a taƙaice

Ga wanda jami'in lafiya ya amince ya ajiye: kwalba biyu ta adirenalin mai miligiram 1 a mililita 1, ko alƙalami biyu masu harba kansu, sirinji biyu masu mililita 1 da dogayen allurai, ƙwayar borin jini don ƙaiƙayin fata kawai, abin shaƙa ga mai asma, sukari ko dabino ga mai insulin, da takarda mai ɗauke da sunan maganin da yake yi, abin da jikinsa ba ya so, da adadin adirenalin da ya dace da shi, a rubuce da harshen da ma'aikatan yankin ke karantawa, Larabci ko Faransanci ko Ingilishi. A haɗa da lambar mai abin hawa da aka riga aka yi magana da shi, musamman da damina.

Waɗanda kuma ke sha'awar feftayid na intanet don gyaran jiki su sani cewa ajiye adirenalin ba ya mayar da maganin da ba a gwada ba ya zama mai aminci. Ba ya kare mutum daga ƙwayoyin cuta a kwalba, ko adadin da ya wuce kima, ko wani sinadari daban da aka ɗura. Mai ciwon suga ba shi da zaɓi sai allura, don haka ya yi tanadi. Wanda lafiyarsa ƙalau yana da zaɓin barin ta.